FASHIN BAƘI: Kwamfutar da ta ƙi tashi bayan kuskuren saiti, da dalilin da ya sa ba a gaggawar goge ta

Ranar Lahadi kasuwar Mai'adua ke ci. Tun da hantsi manyan motoci kan yi layi a bakin kara, ana loda shanu da tumaki da raƙuman da aka koro daga ƙauyukan masarautar Daura, da waɗanda suka ƙetaro iyaka ta Kwangwalam daga ƙasar Damagaram. A gefen wannan hada-hadar akwai ƙananan shagunan da ba a cika waiwayarsu ba: masu buga takarda, masu cike wa ɗalibai fom ɗin jarrabawa, masu fitar wa mutane takardar lambar NIN, masu ajiye wa 'yan kasuwa lissafi. Jarin mafi yawansu bai wuce kwamfuta ɗaya ba, ita ma ta gwanjo, sai firinta da ƙaramin janareto ko farantin sola.

Ga mai irin wannan shago, babu safiyar da ta kai muni kamar wadda zai danna maɓalli, fitila ta kama, fanka ta juya, amma fuskar kwamfutar ta tsaya baƙa ƙirin da ɗan layin rubutu guda, ko ta rikiɗe shuɗiya, ta kashe kanta, ta sake kunnuwa, ta yi ta zagaye a wuri ɗaya. Jiya lafiya lau aka rufe ta. Abin da ya faru kawai shi ne wani ya shiga saitinta ya taɓa wani abu, ko kuma ita da kanta ta sauke sabuntawa kafin a kashe ta. Idan aka kai ta wurin mai gyara, a Daura ne ko Katsina ko kasuwar Farm Centre da ke Kano, hukuncin da aka fi saurin yankewa shi ne: sai an yi mata fomatin. Ma'ana a share duk abin da ke ciki, a ɗora sabuwar manhaja. Kwamfuta za ta dawo aiki, amma hotunan ɗalibai da kwafen takardun filaye da lissafin bashin shekaru sun tafi ke nan.

Alhali a mafi yawan lokuta, idan matsalar ta biyo bayan sauyin saiti ne, babu abin da ya ƙone ko ya karye. Bayanan suna nan daram a ma'ajiyarsu, hanyar isa gare su ce ta toshe. Bambancin da ke tsakanin buɗe hanya da share ma'ajiya ya wuce lamarin masu shago. A kan makamancinsa aka tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara a watan Maris na 2023, a kansa kuma masu zaɓe a Mai'adua da sauran sassan ƙasar nan suka ƙara jiran mako guda kafin su zaɓi gwamna.

Zaure bayan zaure

Kwamfuta tana tashi ne mataki-mataki, kowane mataki na miƙa ragama ga na gaba, kamar baƙon da zai shiga babban gida: sai ya ratsa zaure, ya wuce shigifa, sannan ya kai tsakar gida inda rumbu yake.

Da zarar wuta ta shiga, abin da ke fara farkawa wata ƙaramar manhaja ce da ke zaune a kan babban allon cikin na'urar, wanda masu gyara ke kira bod. A tsofaffin kwamfutoci sunanta BIOS, a na zamani kuma UEFI, ko da yake a bakin masu gyara duka BIOS ne. Ita ke dubawa ta tabbatar ƙwaƙwalwar aiki da ma'ajiya da sauran sassa suna nan, sannan ta bi jerin da aka tsara mata na wuraren da za ta nemi manhajar tashi: ma'ajiyar ciki, ko filashi, ko wayar sadarwa. Idan ta samu, sai ta miƙa aiki ga jagoran tashi, wanda a Windows ake kira Windows Boot Manager, a yawancin kwamfutocin Linux kuma GRUB. Shi ne zai ɗauko zuciyar babbar manhajar, ita kuma ta tayar da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke tafinta tsakanin Windows da kowane sashe na ƙarfen. Sai bayan duk wannan ne fuskar da ke neman kalmar sirri ke bayyana.

Kowane ɗaya daga cikin matakan nan ya rataya ne a kan wani saiti, saitin kuwa sau da yawa kalma ɗaya ce tak. Idan aka sauya ta ba daidai ba, baƙo ya maƙale a zaure, hatsin da ke rumbu kuwa ko ƙwaya ɗaya ba ta ragu ba.

Kuskuren da ya fi sauƙi shi ne na jerin tashi: an bar filashi a jiki, ko an ɗora wani abu a saman ma'ajiyar ciki, sai kwamfuta ta tafi neman Windows inda babu shi. Wani lokaci ma ba hannun kowa ba ne. A kan bod akwai ɗan batir mai kama da tsabar kuɗi, galibi samfurin CR2032, wanda ke riƙe agogo a lokacin da na'urar ba ta samun wuta. Idan ya mutu, kwamfutoci da yawa kan koma saitin da suka baro masana'anta da shi, kwanan wata ya ja baya da shekaru. Batirin ya fi saurin ƙarewa a na'urar da ke daɗewa ba a jone ba, kwamfutar gwanjo kuma da tsohonsa take zuwa. Wanda ya tuna yadda yawancin Arewa, har da jihohin Kano da Katsina da Jigawa da ke ƙarƙashin kamfanin KEDCO, suka shafe fiye da mako guda cikin duhu a watan Oktoba na 2024, ya san irin zaman da kwamfutocin wannan yanki ke yi ba wuta.

Akwai kuma saitin da ke fayyace salon da kwamfuta ke magana da ma'ajiyarta, inda ake zaɓa tsakanin AHCI da RAID. Windows ɗin da aka ɗora a ƙarƙashin ɗaya, idan aka juya zuwa ɗayan ba tare da shiri ba, direban da ya dace ba zai tashi ba, sai fuska ta yi shuɗi da rubutun INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Rubutun na da firgitarwa, amma maganinsa sau da yawa bai wuce mayar da kalmar inda aka same ta ba.

Wani kuskuren kuma yana da nasaba da wata rana takamaimai. A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafin bai-ɗaya ga Windows 10, Windows 11 kuma ba ya hawa bisa ƙa'ida sai a na'urar da ke da kariyar TPM 2.0 kuma take tashi ta UEFI. Sai masu tsofaffin kwamfutoci suka duƙufa kallon bidiyo a YouTube da TikTok, suna shiga BIOS suna juya tsohon salon tashi, wanda aka rubuta Legacy, zuwa UEFI. Abin da gajeren bidiyo ba ya tsayawa ya bayyana shi ne, ma'ajiya ma tana da nata tsarin rabo iri biyu, tsoho MBR da sabo GPT, kuma Windows ɗin da ke kan MBR ba ya tashi ta UEFI. Da an juya, sai kwamfuta ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Akwai manhajar MBR2GPT a cikin Windows da ke sauya tsarin ba tare da share komai ba, amma ita ake fara yi, sannan a taɓa BIOS. Garin neman gira, mutane da dama sun rasa ido a nan.

Masu koyon Linux, irin ɗaliban kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura da takwarorinta, suna da nasu tarkon: harafi ɗaya da aka rubuta ba daidai ba a fayil ɗin fstab, wanda ke lissafa ma'ajiyoyin da za a haɗa lokacin tashi, ya isa ya jefa na'ura cikin yanayin gaggawa.

Ranar da kwamfuta miliyan 8.5 suka kwanta

Kada a ɗauka wannan ciwon masu ƙaramin sani ne. A ranar Juma'a, 19 ga Yuli, 2024, da ƙarfe 5:09 na asuba agogon Najeriya, kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya aika wani ƙaramin fayil na saiti zuwa ga na'urorin da ke amfani da manhajarsa ta Falcon. Binciken da kamfanin ya fitar daga baya ya nuna cewa sabon saitin ya nemi a karanta gurbi na 21, alhali manhajar gurabe 20 kawai take samarwa. Da yake Falcon na aiki ne a can cikin zuciyar Windows, tana laluben gurbin da babu sai ta faɗi, ta ja Windows gaba ɗaya. Kwamfuta ta sake kunnuwa, ta sake karanta fayil ɗin, ta sake faɗuwa.

Cikin minti 78 kamfanin ya janye fayil ɗin, amma aikin gama ya gama. Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na masu amfani da Windows, sai dai su ne na filayen jiragen sama da bankuna da asibitoci da gidajen talabijin. Kamfanin jiragen Delta kaɗai ya soke tashi kusan 7,000 cikin kwana biyar, ya kuma ce ya tafka asarar dala miliyan 500.

Abin lura shi ne yadda aka yi gyaran. Kwamfutar da ta ƙi tashi galibi ba ta hawa intanet, don haka da wuya a iya aika mata magani daga nesa. A mafi yawan lokuta dole ma'aikaci ya taka da ƙafarsa zuwa gaban kowace na'ura, ya tayar da ita a yanayin kariya, ya shiga ma'ajin direbobin CrowdStrike, ya share fayil ɗin da sunansa ya fara da C-00000291, ya sake kunnawa. Aikin minti kaɗan ne ga na'ura ɗaya, amma ga kamfani mai dubbai ya zama aikin kwanaki. Ba a yi wa waɗannan miliyoyin fomatin ba. Fayil ɗaya aka cire.

Abin da ake yi, da wanda ake fara yi

Matakin farko ba ya buƙatar sukudireba. A ɗauki hoton rubutun da ke kan fuskar da waya, domin shi ke faɗin a wane zaure aka maƙale. Sai a tambayi wanda ya yi amfani da na'urar a ƙarshe me ya sauya, a kuma tambaye shi cikin lalama, don yaron shagon da ke tsoron a cire masa kuɗin gyara daga albashi ba zai faɗi gaskiya ba, gaskiyar nan kuwa ita ce rabin gyaran. A cire duk abin da ke jone: filashi, firinta, na'urar ɗaukar zanen yatsa. A sake kunnawa.

Idan ba ta tashi ba, a shiga BIOS. Maɓallin ya danganta da kamfani: F2 a yawancin Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad na Lenovo, ana danna shi da zarar an kunna. Tambaya ta farko a nan ita ce, shin an ga sunan ma'ajiyar a jeri? Idan tana nan, alama ce mai kyau. Sai a duba kwanan wata, a duba jerin tashi, a mayar da abin da aka sauya. Ƙa'idar da gwanaye ke bi ita ce sauyi ɗaya a lokaci ɗaya: a ɗauki hoton shafin kafin a taɓa, a sauya abu guda, a gwada, idan bai yi ba a mayar da shi kafin a taɓa na biyu. Mai juya saiti biyar a tare, ko ta tashi bai san wanne ya yi aiki ba, idan kuma ta ƙi, ya ƙara wa kansa kurakurai huɗu. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Idan kuwa tambarin Windows na fitowa kafin ta faɗi, to an wuce BIOS, matsalar na gaba. Windows na da ɗakin gyara na kansa, wanda yakan buɗe idan tashi ya gaza sau biyu a jere. Ana kuma iya tilasta shi ta hanyar riƙe maɓallin wuta har ta mutu da zarar tambarin ya bayyana, sau biyu ko uku. A ƙarƙashin Troubleshoot da Advanced options akwai kayan aikin da ba sa taɓa takardun mutum. Startup Repair na gyara jagoran tashi. Uninstall Updates na cire sabuntawar da ta jawo rikicin. System Restore na mayar da saituka yadda suke a wata rana da ta wuce, idan da ma an kunna shi. Ta Startup Settings kuma ake shiga yanayin kariya, wanda aka rubuta Safe Mode, inda Windows ke tashi da direbobi ƙalilan, mutum ya samu sararin cire abin da ya hana ruwa gudu. A wuri ɗaya da waɗannan akwai zaɓin Reset this PC, wanda a cikinsa akwai mai share komai. Yatsan da ya yi gaggawa a nan ya yi fomatin ɗin da ake gudu.

Ko da duk wannan ya ci tura, akwai sauran mataki kafin gogewa. Ana tayar da kwamfutar daga filashin da aka ɗora wa Linux, irin su Ubuntu, ba tare da an girka shi ba, a buɗe ma'ajiyar ciki, a kwashe fayiloli zuwa wata ma'ajiyar. Ko kuma, inda tsarin na'urar ya ba da dama, a ciro ma'ajiyar a jona ta a wata kwamfutar. Mai gyaran da ya tsallake wannan ya tafi fomatin kai tsaye, sauƙin kansa ya nema, domin ɗora sabon Windows ya fi bincike saurin kawo kuɗi. Haƙƙin mai kaya ne ya ce a kwashe masa bayanansa a gabansa tukuna.

Akwai alamun da ke nuna ba saiti ba ne: ma'ajiya mai ƙara ƙas-ƙas, ko wadda ta ɓace daga BIOS ɗungurungum, ko warin ƙuna, ko na'urar da ko fitila ba ta kamawa. Ma'ajiyar da ke irin wannan ƙara, kowace kunnawa na iya ƙara mata rauni, gara a kashe a nemi gwani.

Lambobi 48

Duk matakan nan suna iya cin karo da ƙofa guda. Kwamfutoci da yawa na zamani suna kulle ma'ajiyarsu da BitLocker, wanda ke rikita bayanan ta yadda ko ɓarawo ya ciro ma'ajiyar ba zai karanta ba. A kullum kariyar TPM ce ke buɗewa a ɓoye, shi ya sa mutane da dama ba su ma san tasu a kulle take ba. Amma da an sauya wani muhimmin saiti a BIOS, sai tsarin ya ɗauka baƙon hannu ne, ya tsaya ya nemi makullin ceto mai lambobi 48. A rikicin CrowdStrike wannan ne ya fi wahalar da wasu ma'aikatu, musamman waɗanda kwamfutar da suka adana makullan a cikinta ita ma ta kwanta.

Ga mutum ɗaya, makullin yakan kasance a asusunsa na Microsoft, ana iya duba shi ta waya. Ga kwamfutar ofis, yana hannun masu kula da na'urorin hukumar. Matsala ita ce kwamfutar gwanjo da ba a sake mata Windows ba, ko wadda mai gyara ya buɗe wa asusu da adireshinsa ya manta: makullin na wurin wani da mai ita bai taɓa gani ba. Idan babu lambobin nan, Microsoft da kansa ba ya iya buɗewa, a nan kam bayanai sun salwanta da gaske. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun kwamfuta na lafiya ake kwafe lambobin a takarda, a ajiye su inda ake ajiye takardar gida, a kuma riƙa kwafe muhimman fayiloli zuwa wata ma'ajiya da ba ta kwana a jikin na'urar.

Bayan abin da ya faru a 2024, Microsoft ya ƙara wa Windows 11 wani tsari da zai bar na'urar da ta gaza tashi ta nemo gyara da kanta ta intanet. Tsarin na buƙatar layin intanet tsayayye a daidai lokacin da take kwance, abin da shagon da ke ɗosano data daga wayar mai shi ba lallai ya samu ba.

Daga shago zuwa rumfar zaɓe

Na'urar BVAS ta hukumar zaɓe ba Windows take amfani da shi ba, kuma matakan da aka zayyana a sama ba nata ba ne. Amma tambayoyin da rikicinta ya haifar su ne dai na mai shago: me aka sauya, wa ya sauya, an kwashe abin da ke ciki kafin a taɓa?

A ranar 25 ga Fabrairu, 2023, sakamakon zaɓen 'yan Majalisar Tarayya ya riƙa hawa shafin IReV daga rumfuna, na shugaban ƙasa kuwa ya ƙi. A rahoton da INEC ta fitar shekara guda bayan haka, ta ɗora laifin a kan kuskuren saiti: an tsara manhajar ta jera kowane sakamako a ƙarƙashin jiha da mazaɓarsa, zaɓen shugaban ƙasa kuwa mazaɓarsa ƙasa ce baki ɗaya, sai tsarin ya rasa inda zai ajiye hotunan, ya riƙa mayar da saƙon kuskure. A cewar hukumar, sai ƙarfe 8:55 na dare takardar farko ta hau. Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 26 ga Oktoba, 2023 cewa gazawar IReV ba ta rushe zaɓen ba. Amma ko an karɓi bayanin hukumar yadda yake, yana nufin ba a gwada tsarin da irin zaɓen da ya fi kowanne muhimmanci ba kafin ranar, kuma sa'o'in da aka yi ba bayani sun ci amanar da har yau ba ta gama dawowa ba.

Sai batun sake saiti. Domin a yi zaɓen gwamnoni da na'urorin da aka yi na shugaban ƙasa da su, dole a sake saita BVAS na rumfuna sama da 176,000. Peter Obi da jam'iyyar LP suka nemi a hana hukumar taɓa su har sai sun bincika abin da ke ciki. INEC ta ce za ta fara kwashe bayanan tantancewa zuwa babbar ma'ajiyarta. A ranar 8 ga Maris kotu ta ba ta izini, a daren kuma aka ɗage zaɓen daga 11 zuwa 18 ga wata, ranar da Katsina ta zaɓi Dikko Umaru Raɗɗa. Wata biyu bayan haka, a ranar 9 ga Mayu, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar gwamnan Osun tsakanin Gboyega Oyetola da Ademola Adeleke, inda ta ce mai ƙorafin aringizon ƙuri'a sai ya gabatar da ita kanta na'urar BVAS ko bayanan da aka ciro daga jikinta, rahoton babbar ma'ajiya kaɗai bai wadatar ba. Duk wanda ya haɗa hukunce-hukuncen biyu zai ga cewa abin da ke cikin na'ura kafin a sake saita ta hujja ce a gaban shari'a.

Ɗalibai ma sun ɗanɗana. A ranar 14 ga Mayu, 2025, shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida cikin hawaye ya amsa cewa wani gyaran manhaja bai hau daidai a kan wasu manyan na'urorin jarrabawar ba, abin da ya gurɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Kafin wannan rana an shafe kwanaki ana ɗora wa yaran laifin rashin karatu. An gano kuskuren ne saboda bayanan na nan ba a share ba, aka bar masana suka duba.

Ƙaramar Hukumar Mai'adua na da mutane sama da 200,000 tun a ƙidayar 2006, tana kuma cikin mazaɓar tarayya ɗaya da Daura da Sandamu. Rajistar zaɓe, lambar NIN da ake haɗawa da layin waya, jarrabawar shiga jami'a, duk yanzu ta kan na'ura suke bi. Idan na'ura ta kwanta a Abuja, mai gyara na hawa na gaba. Idan ta kwanta a wani ƙauye na bakin iyaka, sai a jira mai zuwa daga hedikwatar ƙaramar hukuma ko daga Katsina, mutanen da suka bar gona suka hau layi kuma a ce su dawo wani mako. Jumlar “na'ura ta lalace” ta zama amsar da ke rufe bakin kowa, alhali a ƙarƙashinta akwai batir da ya mutu, da saitin da aka juya, da ƙarfen da ya ƙone da gaske, kowanne da wanda ya kamata ya amsa tambaya a kansa. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe da bayanan jama'a alhakin tanadin hanyar dawo da su idan na'ura ta samu matsala, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ba hukumomin gwamnati kwana bakwai su amsa buƙatar da aka rubuta musu.

A ranar zaɓe ma akwai tanadi. INEC kan tura jami'in fasaha zuwa kowace gunduma domin irin wannan matsala, Dokar Zaɓe ta 2022 da aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta kuma ta ce idan na'urar tantancewa ta gaza ba a kawo wata ba, a soke zaɓen rumfar, a sake shi cikin sa'o'i 24 matuƙar ƙuri'un wurin za su iya sauya sakamako. Wakilin jam'iyya ko ɗan sa-idon da BVAS ta tsaya a gabansa yana da abin yi irin na mai shagon da ya ɗauki hoton fuskar kwamfutarsa: ya rubuta lokacin da ta tsaya, da saƙon da ta nuna, da adadin waɗanda aka riga aka tantance, da lambar jikin na'urar, da sunan jami'in da ya karɓe ta, da lambar wadda aka kawo a madadinta.